Masu rubuta damuwarsu a littafi, yana aiki kuwa?

Ummi: Salam 'yan uwa, wai da gaske rubuta abin da ke ranka kullum yana sa ka gane halinka? Ni fa tsorona gidanmu na Fagge ba a ɓoye komai, ƙannena sai sun karanta.

Baban Khalifa: Yana yi sosai, amma amfanin yana wajen komawa ki karanta bayan wata guda, nan za ki ga abu ɗaya ne yake ta ɓata miki rai, ni nawa ashe yunwa da cunkoson Kantin Kwari ne ba mutane ba.

Hajiya Zee: Ƙanwata rubuta a waya kawai ki sa fasawod, ko layi uku ne bayan isha'i.

Ummi: To Anti, idan suka karɓi wayar yin gem fa?