Musayar Baitoci a kan Fada Patrick Peyton

Baba Katikis:

A gundumar Mayo ta ƙasar Ailan, a 1909, Peyton ya zo duniya,
Shi ne na shida cikin 'ya'ya tara, a gidan manoma marasa dukiya.
Kowace yamma mahaifinsu yakan durƙusa, yara su kewaye shi gaba ɗaya,
Su ja Rosari, carbin addu'ar Katolika, tare da mahaifiyarsu kafin su nemi wurin kwanciya.
A 1928 shi da yayansa Tom suka hau jirgin ruwa, suka yi doguwar tafiya,
Har Scranton ta Amurka, inda ya kama sharar babbar majami'a, bai ɗauke ta abin kunya.

'Yar Zumuntar Mata:

Baba, sannu da ƙoƙari, zan ɗora daga inda ka sauka.
Ya shiga ƙungiyar Gicciye Mai Tsarki, yana karatun zama Fada a Amurka,
Sai a 1938 ya fara tarin jini, likitoci suka ce masa tarin fuka.
Ya yi wata da watanni a kwance, magani bai ci ba, dangi suna kuka,
Ya roƙi Uwa Maryamu ta yi roƙo dominsa, ya warke, ya shaida albarka.
Da aka naɗa shi a 1941, ya ba da sauran ransa ga alkawarin da ya ɗauka.

Ɗan Kwaya:

Inna, a Albany, a 1942, ya kafa hidimar iyali ta Rosari,
Domin iyalai su riƙa jan carbi tare a kowane gari.
Ya nemi gidan rediyo, a ranar iyaye mata ta 1945 aka watsa shiri,
Mawaƙi Bing Crosby ya ba da muryarsa, jama'a suka saurara daga kowane wuri.
A 1947 ya buɗe Family Theater, mai shirya wasannin rediyo, a Hollywood, taurari suka shigo tsari,
Suna shelar cewa iyalin da ke addu'a tare ba ya watsewa da sauri.
A San Francisco, a 1961, rabin miliyan suka taru gangaminsa na Rosari a sarari,
A Manila kuwa, a 1985, wajen miliyan biyu suka zo da buri.

Tsohon Malamin Tarihi:

Ɗana, ka ƙirga taro da kyau, amma ka tsallake batun siyasa.
Gangamin da ya yi a Latin Amurka, ba sadakar talakawa kaɗai ta ɗauke shi bisa,
Hukumar leƙen asiri ta CIA ta zuba kuɗi, ta hannun attajiri Peter Grace, aminin nasa,
Domin ta ga a carbin nan makamin yaƙi da kwaminisanci a kowace ƙasa.
A Brazil, bayan gangaminsa, an yi macin iyali da sunan Allah, sannan a 1964 soja suka hau bisa,
Kuɗin CIA kuwa, sai da fadar Vatikan ta sa baki, ta ce a daina karɓa, aka tsawata masa.
Ban ce ya sayar da imaninsa ba, amma wannan tabo ba abin wasa.

'Yar Zumuntar Mata:

Malam, na ji, kuma ba zan rufe abin da tarihi ya riga ya buɗe ba,
Wanda ya ci tuwon mai iko, da wuya hannunsa ya fita ba miya ba.
Sai dai filin wasa cike da mutane bai taɓa zama abin da ya ja ni gare shi ba,
Abin da ya nema a wurin uba shi ne ya tara gidansa da yamma, ba ya aika yara su kaɗai ba,
Kuma wannan roƙo bai bukaci kuɗin kowace hukuma ba.

Baba Katikis:

Ya rasu ran 3 ga Yuni, 1992, a San Pedro ta Kalifoniya,
Aka binne shi a Easton ta Massachusetts, inda masu ziyara ke zuwa har yau da niyya.
A Disamba 2017 Fafaroma Francis ya amince da nagartarsa, bayan bincike da tantancewar Ikilisiya,
Kafin a kira shi Mai Albarka kuwa, matakin gaba na zama waliyyi, sai Roma ta tabbatar da mu'ujiza ɗaya.
Malam, idan kana da sauran magana a kan Brazil, kawo baitinka, fili na nan ba gardama ko hayaniya.