"Juma'ar da za ta yi kyau…" ta jawo min jan biro

Ɗan_Kurmi: Salamu alaikum. Jiya muka yi cacar baki da malamin da ke duba min furojet. Bincikena a kan ko zaton da malami ke yi wa yaro yana shafar maida hankalinsa a aji. Na rubuta hasashe cewa yaran da malami ya kyautata wa zato sun fi nutsuwa. Ya soke da jan biro, wai in rubuta "babu bambanci", in alƙaluma sun isa su ƙaryata ni. Na ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ya ce to me na zo nema? Ku raba mu.

Malama_Hajo: Ɗana, karin maganar nan ita ce cutar da kake bincike. Malami ya ga yaro ba takalmi ranar farko, shi ke nan ya yanke masa Juma'arsa. A Amurka, wasu masu bincike, Rosenthal da Jacobson, sun ba malaman wata firamare a Kalifoniya sunayen kusan kashi 20 cikin ɗari na yaran, wai bana za su yi zarra, alhali cankar sunayen kawai aka yi. A rahotonsu na 1968, 'yan aji ɗaya da biyu cikinsu sun fi sauran ƙaruwa a gwajin basira.

Bagobiri: Ke nan Larabar ce ta haifi Juma'ar.

'YarGwaggo: Kun tuna min kakarmu, Allah ya jiƙanta. Tun yayana na goye ta laƙaba masa Alƙali. In tana tatsuniya shi take kallo, shi take tambaya abin da Gizo ya ce wa Ƙoƙi, ƙanzon tukunya ma nasa ne. Ni Magyangyaɗiya take ce min, sai na koma bayan randa na cika mata sunan. Yau Alƙali faci yake a bakin tasha, amma ko rigimar gado ta tashi a gidanmu shi ake kira.

Bagobiri: Allah ya jiƙan kaka. Mu dai Larabar kamfe ta yi kyau, har da atamfa da taliya. Shekara uku muna jiran Juma'a, ajin garinmu ko rufi babu.

Malam_Tsangaya: Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Malama_Hajo: Allah gafarta Malam, har kyakkyawan?

Ɗan_Kurmi: Jama'a, Litinin zan mayar masa da babi na ɗaya fa.

Bagobiri: 'YarGwaggo, ƙanzon shinkafa ne ko na tuwo?