Tsatsa ta cinye min bindiga da damina, ku da me kuke goge taku?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa mafarauta. Jiya na sauko da bindigar tokata, tun faɗuwar damina ban taɓa ta ba, wallahi raina ya ɓaci, cikin bututun ya yi jawur da tsatsa, kunamar ma da ƙyar take motsi. Gadon mahaifina ce, ba na son ta lalace a hannuna. Don Allah kowa ya faɗi yadda yake yi da tasa.

Dogo Maharbi: Wa alaikumus salam. Malam ina jin ka ajiye ta ne ba ka wanke ba bayan harbin ƙarshe. Dattin albarushi janyo danshi yake, kwana biyu ya isa ya fara cin ƙarfe. Ni ruwan zafi nake zubawa a bututun, in naɗa tsumma a sandar ɗuri in yi ta turawa har ruwan ya daina fitowa baƙi, in shanya ta bushe ƙarau sannan in bi da man keken ɗinki, ɗan kaɗan ba jagab ba. Amma kafin komai ka tabbatar babu ɗuri a ciki, ka auna da sandar.

Na Gwaram: Ni man gyaɗa ne ya taɓa cuta ta. Na shafa na ajiye, bayan wata uku ya daskare ya yi danƙo kamar ƙaro, sai da kananzir da tsohon buroshin haƙori na fitar da shi. Baƙin mai ma ban yarda da shi ba, da hunturu duk ƙura a kansa take tarewa.

Baba Tsoho: Yaro ka leƙa bututun da tocila tukuna. Wata shekara na rataye tawa a zaure, ashe zanzaro ya shiga ya yi gini a ciki, laka ta toshe kusan tsawon ɗan yatsa, Allah ne ya sa na tura sanda na ji ta tsaya, da na harba a haka da bututun ya fashe a hannuna. Tun ranar nake toshe bakin da tsumma mai ɗan maiƙo, in zan fita in cire. Ƙotar kuma man kaɗanya nake murza mata.

Auwalun Gareji: Baba Allah ya ƙara tsarewa. Tawa mai baki biyu ce, WD-40, man nan na feshi na gwangwani, nake fesawa ya sassauta tsatsar amma ba ya daɗewa, dole ka bi da mai. Kuma kar a naɗe ta a leda, gumi take yi.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, a leda kuwa na naɗe ta. Na leƙa yanzu na ga 'yan ramuka a ciki, Baba a haka za ta harbu?

Baba Tsoho: Kar ka kuskura. Kai wa maƙeri ya duba kaurin ƙarfen tukuna.