In amsa ba ta zo ba, laifin mai roƙo ne?

Mai Bishara: Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ni matsayina shi ne addu'ar da aka yi da cikakkiyar bangaskiya ba ta faɗuwa ƙasa. Markus 11:24 ta ce abin da kuka roƙa, ku gaskata kun samu. Yakubu 1:6-7 ta ce mai shakka kada ya sa rai da samun kome. Saboda haka in amsa ba ta zo ba, mai roƙo ya bincika kansa.

Dattijon ikkilisiya: Malam, to ina za ka ajiye Bulus? A 2 Korintiyawa 12 sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya daga jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuwa tana nan. Yesu kansa sau uku ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma sha shi. Ka duba Ayyukan Manzanni 12: Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuma mala'ika ya fito da shi daga kurkuku. Dukansu manzanni ne, ikkilisiyarsu ɗaya. Wane ne a cikinsu mai ƙarancin bangaskiya?

Mai Bishara: Baba, ban musa ba. Amma Littafi Mai Tsarki ya ambaci abubuwan da ke tare addu'a: roƙo da mugun nufi (Yakubu 4:3), riƙe mugunta a zuciya (Zabura 66:18), miji mai wulaƙanta matarsa (1 Bitrus 3:7). Mu daina wa'azinsu ke nan?

Malamar makarantar Lahadi: A'a, Malam, a yi wa'azinsu. Sai dai madubi ne da mutum zai duba kansa, ba sanda ba ce ta dukan maƙwabci. Abokan Ayuba sun nace cewa akwai zunubin da ya ɓoye, a Ayuba 42:7 kuma su Allah ya yi fushi da su. Da almajirai suka tambayi zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, a Yahaya 9:3 Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba.

Mama ta Zumuntar Mata: Ɗana, bari in kawo maganar gida. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, da yawansu 'ya'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, ne. Wasu sun dawo, wasu har yau shiru. Iyayen nan duka sun yi azumi, duka sun yi kuka gaban Allah. Ka iya duban uwar da 'yarta ba ta dawo ba ka ce mata bangaskiyarta ce ta gaza? Ni bakina ba zai iya ba.

Mai Bishara: Mama, Allah ya kiyaye in faɗi haka. Tsorona dai shi ne mutane na fakewa da "nufin Allah ne" su bar naciya. Daniyel ya yi kwana 21 yana jira, ashe tun ranar farko aka ji shi. Gwauruwar Luka 18 ba ta bar alƙali ya huta ba. Jinkiri ba hani ba ne.

Dattijon ikkilisiya: Wani lokaci jinkiri ne, Ibrahim ya jira shekara 25 kafin Ishaku. Wani lokaci kuma hani ne, kada mu ɓoye wa jama'a. Dauda ya yi azumi yana kwance a ƙasa saboda yaronsa, a rana ta 7 yaron ya mutu. Ya tashi, ya yi wanka, ya shiga ya yi sujada, sannan ya ci abinci. Wanda aka koya masa cewa kowace addu'a sai ta kawo abin da ya ambata, ranar da ya binne ɗansa zai ga ko dai Allah ya yi ƙarya ko shi ne ya kashe yaron. Daga nan ne mutane ke daina zuwa majami'a.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, akwai wata ɓarnar kuma. Ana ce wa marar lafiya shan magani shakka ce. Maganin tarin fuka wata 6 ake shansa. Wanda ya bari a wata na 2 don tari ya lafa, cutar na iya dawowa ba ta jin maganin farko. Mai ciwon suga da ke allurar insulin, in ya shiga azumin kwana 3 ba shawarar likita, suga na iya faɗuwa ya suma. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai ya shanye ɓarin jiki. Dattawa su zo su shafa mai su yi addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ta ce, amma kada kowa ya taɓa kwalin magani.

Malamar makarantar Lahadi: Ga abin da za a ba wanda ya gaji da roƙo. Ya bincika kansa sau ɗaya da gaske: in akwai wanda ya ɓata wa, ya je su shirya, in akwai zunubi ya tuba, ya rufe wannan babin, kada ya riƙa tona shi kowane dare. Sannan ya karanta Zabura 13 da murya. Ayoyi 6 ne kawai a cikinta, sau 4 Dauda ya ce "har yaushe". In ko wannan ta yi masa nauyi, Zabura 88 tana nan, da duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafin ba. A haɗa shi da mutum biyu da za su riƙa zuwa gidansa kowane mako, su yi addu'ar a madadinsa.

Mai Bishara: Na karɓi wannan, Malama. Amma Markus 11:24 tana nan, kuma ba zan karanta ta da rabin murya ba.

Dattijon ikkilisiya: Karanta ta da ƙarfi, Malam. Ka dai haɗa ta da 1 Yahaya 5:14 a wa'azi ɗaya, inda aka ce Allah yana jinmu in mun roƙa bisa ga nufinsa, domin a benci na uku wataƙila akwai wadda ta yi jana'iza a makon nan.