Jarabar waya: me ya yi muku aiki?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Waya ta hana ni sakat. In na ɗauka don duba saƙo ɗaya, sai bidiyo ya ja bidiyo har dare ya raba. Wanda ya taɓa rage ta da gaske ya faɗa mana yadda ya yi. Amma ban da "ki daure kawai", na sha jin wannan.

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da aunawa. In Android ce ki shiga saitin wayar ki nemi Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time. Tun 2018 aka sa su. Za ki ga awa nawa kike yi, da manhajar da ke cinye lokacin. Galibi ɗaya ce ko biyu. Sai ki sa musu iyaka.

Ɗan Auta: Yaya Injiniya, iyakar nan ba ta tsare kowa fa. Lokaci na cika iPhone za ta ba ka zaɓin ƙarin minti 15, ko ka yi watsi da iyakar na ranar gaba ɗaya. Wa zai ƙi dannawa? 😂

Injiniya: Shi ya sa ba kai za ka riƙe lambar sirrin da ke kulle iyakar ba. Ka ba wanda ba ya jin kunyar hana ka.

Malama: Ni dai ina ganin ku daina ɗora komai a kan ƙarfin zuciya. Da gangan aka ƙera abin nan don ya riƙe mutum. Shafin da ake ja ba ya ƙarewa, Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya shi kansa ya fito ya nuna nadama. A da shafi na ƙarewa, sai mutum ya yanke shawarar buɗe na gaba, a nan ne yake farga. Yanzu an cire wurin fargar. Ga kuma rashin sanin abin da zai fito: wani bidiyon shirme ne, na bayansa ya ba ka dariya. Dabarar injin caca ke nan. Don haka a nesanta wayar kawai. Caji a falo, ba a gefen gado ba, a sayi agogo mai ƙararrawa. Wannan kaɗai ya fi min duk wata manhajar hana kallo.

Ɗan Auta: Ni TikTok na goge, sai ga ni a gajerun bidiyon YouTube. An gudu ba a tsira ba.

Malama: Auta, to me ka cike gurbin da shi? In hannu bai sami abin yi ba, wayar zai koma nema.

Ma'aikaciyar Jinya: Ina bayan Malama a batun ɗakin kwana. Hasken allo da daddare na jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ya yi barci, ga labaran da ke tayar da hankali. Kuma Maman Biyu, ki lura da yaran. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce awa ɗaya a rana. Abin da suka ga kina yi shi za su kwaikwaya.

Alhaji Babba: Ƙaramar waya mai madannai, rakani-kashi inji yara. Kira da saƙo, shi ke nan. Hankalina kwance.

Uwar Biyu: Allah ya ƙara girma Alhaji, amma sana'ata a WhatsApp take, masu saye can suke nemana.

Injiniya: To ki kashe sanarwar komai, ki bar kira da saƙon mutane kai tsaye. Zaurukan hira a rufe musu baki. Ki kuma mayar da allon fari da baƙi, hotuna sai su daina jan ido, sai dai ki dawo da launi in za ki tura hoton kaya. WhatsApp Business na da saƙon da ke amsa wa mai saye in kin tashi aiki, ki rubuta lokacin da za a same ki.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Fari da baƙin nan a ina yake? Na duba ban gani ba.

Injiniya: Wace irin waya ce? Turo hoton saitin in nuna miki.