Jinkirin sauti da rashin rabin feda a manhajar fiyano: ina gyaran yake?

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masana, ina neman shawararku.

Fiyano ce ta lantarki mai madannai 88 masu nauyi, haɗe da kwamfuta mai Windows ta wayar USB, sautin kuma yana fitowa daga manhaja. Idan bafa (adadin guntayen sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) tana kan 256 a 44.1 kHz (guntaye 44,100 a kowane sakan), lissafi ya nuna jinkirin kusan milisakan 6 ne kawai, amma abin da yatsa ke ji ya fi haka nesa, musamman a kiɗa mai sauri. Da an rage ta zuwa 64 sai sauti ya fara ƙaraf-ƙaraf. Ina zargin katin sautin da ke cikin kwamfutar, tunda ba shi da direban ASIO nasa (manhajar da ke rage jinkirin sauti a Windows). Shin na'urar sauti ta waje za ta kawar da wannan, ko ƙarfin kwamfutar ne ya gaza?

Abin da ya fi damuna shi ne feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe. Na'urar duba MIDI (saƙonnin da fiyano ke aika wa kwamfuta) ta nuna CC64, wato saƙon feda, tana tsalle daga 0 zuwa 127, babu komai a tsakani, don haka rabin feda (taka ta rabi kawai) ba ya yiwuwa. A fiyanon katako kuwa, wadda ba ta lantarki ba, da shi ake tsabtace sauti ba tare da an yanke shi ba. Sauya feda kaɗai zai isa, ko sai ramin da ake sa ta ma ya iya karɓar saƙo mai hawa-hawa?

Haka ƙarfin bugun madannai ba ya wuce 105 cikin 127 komai dukan da aka yi. A manhaja ya kamata a gyara wannan, ko a jikin fiyanon?