Kilarinet ɗina da sarewar ƙanwata sun ƙi haɗuwa

Jama'a, ina neman shawara. Ni da ƙanwata muna koyon kiɗan Franz Danzi mai lamba 41, wanda ya rubuta wa sarewar Turawa da kilarinet (wani abin busa na Turawa mai kama da algaita) tare da ƙungiyar makaɗa. A cikin masu tsara irin wannan kiɗa, mutane Mozart kawai suka sani, alhali Danzi, da ya rasu a 1826, ba baya ba ne.

Babin tsakiya, mai tafiya a hankali, shi ya kafe mu. Da zarar mun sassauta busa, sautina sai ya haura, nata ya sauka, har kunne ya ji suna rawa. Na ɗan zaro guntun bututun da ke ƙasan bakin kilarinet, sai wuraren busa da ƙarfi suka faɗi ƙasa. Mako uku ke nan. Wa ya kamata ya bi wani, kuma ta yaya?